Ina Za a Kai Ragowar? Tarihin Tazarar Sandunan Baranda Daga Kamfas Zuwa Kwamfuta

Ido ba ya yafe wa shingen baranda kuskuren tazara. Sanduna ashirin za su jeru ras, rata ɗaya tsakanin kowace da 'yar'uwarta, amma muddin ta ƙarshe ta matse da bango, to ita kaɗai mai wucewa zai gani. Dalilin wannan aibi a lissafi yake: tsawon baranda ba ya shawara da tazarar da magini ke so, saboda haka duk lokacin da aka raba wancan da wannan, da wuya a rasa ragowa, kuma tilas a san inda za a kai ta. Tun da ɗan Adam ya fara jera ginshiƙai, hanyoyi biyu kawai yake da su. Ko dai ya tsayar da tazara, ya riƙa aunawa daga wannan gefe har ya kai wancan, abin da ya rage ya taru a ƙarshe. Ko kuwa ya ɗauki tsawon gaba ɗaya ya raba shi kashi-kashi daidai, ragowar ta narke a cikin kowane gibi yadda ba mai ganin ta. Ta farko mu kira ta awo, ta biyu rabo. Tarihin wannan ɗan sashe na gini, daga haikalin Romawa zuwa manhajar zane ta yau, tarihin ja-in-ja ne tsakanin waɗannan biyun.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa dunƙulen zanen nan mai miƙewa da masu zanen gini ke ta faman haɗawa a manhajar AutoCAD, wanda za a ja shi ya yi tsawo ginshiƙansa su sake jeruwa da kansu, ba baƙon ilimi ya kawo wa sana'ar ba. Dawowa ce ga hanyar rabo, wadda maginan hannu suka riƙe ƙarni da yawa kafin masana'anta ta ture ta gefe, kuma kwamfuta ta daɗe tana bin tafarkin masana'antar kafin ta waiwayo. Misali ɗaya ya isa a ga bambancin. A ce baranda ce mai tsawon mita 6.2, kuma ba a son tazarar manyan ginshiƙanta ta wuce mita 1.5. Mai awo zai sami ɗakuna huɗu cikakku, sannan wani ɗan tsigin gibi na santimita 20 a ƙarshe, ginshiƙai biyu kamar za su rungumi juna. Mai rabo kuwa zai ga cewa huɗu ba su isa ba, sai ya yi biyar, kowane mita 1.24, da ginshiƙai shida. Yawan ginshiƙan ɗaya ne a duka biyun, kuɗin ƙarfen ɗaya ne, amma wancan kuskure ne a ido, wannan kuwa aiki.

Shaida mafi tsufa da ke hannu ita ce littafin Vitruvius, maginin Roma da ya rubuta wa sarki Augustus kundin gine-gine mai kashi goma a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Ya kasa tazarar ginshiƙan haikali gida biyar, yana auna ta da kaurin ginshiƙin kansa: kauri ɗaya da rabi, kauri biyu, biyu da kwata, uku, sai wadda ta fi uku. Ya fifita ta biyu da kwata, tare da buɗe gibin tsakiya zuwa kauri uku domin masu shiga. Wanda ya tsaya a nan zai zaci mutumin awo ne, amma yadda ya ce a fara aikin ne ke fallasa shi. In haikalin mai ginshiƙai shida ne a gaba, a raba faɗin filin kashi 18. In mai huɗu ne, kashi 11 da rabi. Kashi ɗaya daga ciki shi ne kaurin ginshiƙi. Wato fili ne ke haifar da ma'auni, ba a zuwa da ma'auni daga waje a ɗora wa fili, don haka babu ragowar da za ta saura. Har ila yau shi ne ya ja kunnen magina a kan wani tuntuɓe da har gobe ake yi: mai son tsawon haikali ya ninka faɗinsa, gibba zai ninka, ba ginshiƙai ba. Gaba mai ginshiƙai shida gibi biyar gare shi, don haka gefe gibi goma yake bukata, wato ginshiƙai goma sha ɗaya; wanda ya sa sha biyu ya zarce da gibi guda. Masu rubuta manhajar kwamfuta na zamaninmu sun san wannan kuskure sarai, kuma sunan da suka ba shi daga turakun shinge aka aro shi.

Shingen baranda mai jerin gajerun sanduna masu ciki kamar tulu bai zama ruwan dare a Turai ba sai a ƙarshen ƙarni na 15, a Italiya. Sunan sandar a Italiyanci daga furen rumman na daji ya samo asali, saboda kamar da siffarta ta yi da furen kafin ya gama buɗewa, kuma Giuliano da Sangallo na cikin waɗanda suka fara amfani da ita sosai, a gidan hutun iyalan Medici da ke Poggio a Caiano kusa da Florence. Masassaƙan dutsen wancan zamani da kamfas suke aiki, ba da lambobi ba. Mutum zai buɗe ƙafafun kamfas da ƙiyasi, ya taka da shi daga wannan dogarin zuwa wancan, in ya zarce ya ɗan tsuke, in ya gaza ya ɗan buɗe, har taku na ƙarshe ya sauka daidai kan alama. Wata dabarar kuma daga Euclid take, wanda malaman Larabawa ke kira Iƙlidis: a ja layi a karkace, a yi masa alamomi daidai-wa-daida, a sauko da layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa su yanke tsawon da ake son rabawa. Kafinta da ke kwantar da rula a karkace a kan katako don ya tsaga shi gida uku, wannan darasin yake maimaitawa ko bai taɓa jin sunan mai shi ba. Masassaƙan sun kuma ƙirƙiro manna rabin sanda a jikin dogari, domin gibin bakin ya yi kama da sauran. A 1732, James Gibbs ya buga littafin ƙa'idojin zanen sassan gini a Landan, kuma babban abin da ya tallata shi da shi shi ne cewa hanyarsa tana kauce wa ɓurɓushin lissafi: kowane sashe ta hanyar raba wanda ya fi shi girma ake samun sa.

Zubin ƙarfe ne ya juya al'amarin. Shingen da aka kewaye cocin St Paul na Landan da shi a 1714, wanda aka zuba a yankin Lamberhurst, yana cikin manyan shingayen ƙarfen zubi na farko a Ingila, kuma Christopher Wren, wanda ya zana cocin, bai so shi ba. Maƙeri yana bugun sanda ɗaya bayan ɗaya, yana iya matsar da kowace yadda wuri ya nema. Mai zubi kuwa samfurin katako yake sassaƙawa da tsada, ya danna shi cikin yashi, ya kwarara narkakken ƙarfe. Ribarsa tana cikin fitar da abu ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da canji ba. Zuwa rabin ƙarshe na ƙarni na 19, masana'antu irin ta Walter Macfarlane a Gilasgo suna buga manyan kundayen hotuna, mai saye ya zaɓi fasali da lambarsa, a loda masa a jirgin ruwa zuwa Ostareliya, Indiya ko Afirka ta Kudu. Daga nan ma'auni ya fara zuwa daga waje. Falle yana da tsawonsa da aka zuba shi da shi, in wuri bai dace da shi ba sai a yanke na ƙarshe, ko a cike gibin da ginin bulo, ko ma a zana barandar tun farko ta dace da fallen. Gini ya koma yi wa kaya biyayya. Wannan ba lalaci ba ne. Shi ya sa talaka mai gidan haya ya sami shingen da a da sai fadar sarki. Amma farashinsa shi ne ragowar ta fito fili, ta zama abin da ake ɓoyewa a lungu maimakon a narkar.

Ƙarni na 20 ya shigo da mai magana na uku, wato doka, kuma ita ba ruwanta da kyan gani. Damuwarta yaro ne, kada jikinsa ya zurma ta gibi ko kansa ya maƙale. A Amurka dokokin gini sun yi ta tsuke iyakar, daga inci tara zuwa shida, kafin a farkon shekarun 1990 a tsaya a kan cewa kada ƙwallo mai faɗin inci huɗu ta iya ratsawa. A Ingila ƙwallon ta milimita 100 ce, a gine-ginen da ake sa ran yara 'yan ƙasa da shekara biyar za su shiga. Abin lura shi ne doka ba ta ce tazara ta zama kaza ba. Cewa ta yi kada ta kai kaza. Rufi ta kafa, ta bar ƙasansa a buɗe, kuma wannan ya mayar da tambayar hannun mai rabo a sabuwar siffa: mene ne mafi ƙarancin sanduna da za su raba wannan tsawo daidai ba tare da an taɓa rufin ba? A gibi mai faɗin mita biyu, da sanduna masu kaurin milimita 20, sha biyar sun yi kaɗan domin ratar za ta haura milimita 106. Sha shida ne amsa, da gibi goma sha bakwai, kowane milimita 98.8. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, amma sai an sake shi ga kowace baranda, kowane hawan matakala, da duk lokacin da mai gida ya ce a matsar da bango.

Irin wannan maimaici shi ne abincin kwamfuta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sa ta zane ya gane haka tun ranar farko. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a matsayin aikin digirinsa na uku a jami'ar MIT, a kan wata ƙatuwar na'ura mai suna TX-2, yana zane a fuskar allo da alƙalamin haske. Abubuwa biyu ya kawo. Na ɗaya, uwar zane da 'ya'yanta: ka zana abu sau ɗaya, ka baza kwafinsa, in ka gyara uwar duk 'ya'yan su gyaru. Na biyu, sharaɗi: ka gaya wa na'ura cewa waɗannan layuka tsawonsu ɗaya ne, ita ta riƙe wannan alkawari ko me ka ja. Na farkon tunanin mai zubi ne, na biyun tunanin mai kamfas. Da AutoCAD ya fito a 1982 domin ƙananan kwamfutocin ofis, na farkon ya ɗauka, ya sa masa suna bulok, ya bar na biyun, domin injunan lokacin ba su da ƙarfinsa. Bulok ɗin shinge sai ya zama fallen Macfarlane a kan allo. Ana iya kumbura shi, amma in ka ja tsawonsa ginshiƙan ma sai su yi ƙiba tare da gibin. Mai zane ya rage da zaɓi uku: ya tarwatsa bulok ɗin ya gyara da hannu, ya tara rumbun bulok na kowane tsawo, ko ya rubuta ɗan shiri da AutoLISP, harshen da aka saka a manhajar a 1986, ya yi masa lissafin sau ɗaya.

Sharaɗin da aka bari ya dawo ta wata ƙofa. Kamfanin PTC na Samuel Geisberg ya gina Pro/ENGINEER a kansa a ƙarshen shekarun 1980 domin masu ƙera injuna, sannan wasu tsoffin ma'aikatansa biyu, Leonid Raiz da Irwin Jungreis, suka kai tunanin cikin gine-gine da Revit, wanda ya fito a 2000, kamfanin Autodesk mai AutoCAD ya saye shi a 2002. AutoCAD kansa sai a 2005 ya sami bulok mai miƙewa, mai 'yan mariƙai da ake ja. Amma ko a nan jinin masana'anta bai fita ba. Aikin jerawa da ke cikin irin wannan bulok tazara tsayayya yake karɓa: kana ja, yana ƙara ginshiƙi duk lokacin da tsawon ya cika wata tazarar, abin da bai cika ba ya bar maka shi a wutsiya. Shi ya sa masu zane suka shiga dabaru. Wasu suka ɗaure tsawon ya riƙa tsalle da ninkin tazarar, wanda ke nufin an sake tilasta wa gini bin shinge. Wasu suka cusa jadawalin tsawo da aka riga aka warware, ko suka ɓoye siffofi da yawa a cikin bulok guda. Sai da sharuɗɗan awo masu karɓar lissafi suka shigo a 2009, da jeri mai tuna ƙa'idarsa a 2011, sannan hanyar rabo ta sami kayan aiki na ƙwarai. A Revit kuwa zaɓi ne a fili cikin tsarin shinge: a tara ragowa a farko, a ƙarshe, a raba ta gefe biyu, ko a baza jerin ya cika wurin. Kusan shekara hamsin ke nan tsakanin Sutherland da wannan matsayi.

Mai ja da wannan bayani zai ce an yi wa AutoCAD rashin adalci, tunda tun shekarun 1980 yana da umarni biyu, DIVIDE da MEASURE, ɗaya na rabo ɗaya na awo, kuma dukansu suna iya dasa bulok a kan layi. Gaskiya ne, kuma kasancewar su biyu ma shaida ce cewa rarrabuwar da nake magana a kai ba ƙirƙirata ba ce. Amma DIVIDE amsa yake bayarwa, ba ya riƙe tambayar. Da zarar ya dasa ginshiƙan ya manta dalilinsu. A matsar da bango da taƙi ɗaya, sai a share a sake. Ga shi kuma sai kai ka gaya masa yawan kashin, alhali nan ne ainihin hukuncin yake. Wani kuma zai zo ta ɓangaren kuɗi, kuma hujjarsa ta fi nauyi: falle iri ɗaya ya fi araha, ya fi sauƙin musanya in ya lalace, kuma ba mai walda da zai iya sa alamar milimita 98.8 da alli. A dogon shingen gefen titi ko na filin wasa, inda tsawon ya kai ɗaruruwan mitoci kuma ba idon da ke ganin farko da ƙarshe tare, wannan hujja ta yi nasara, awo ne daidai. Amma baranda da matakala gajeru ne, ana ganin su a kallo ɗaya, kuma galibi a wurin ake ƙera su. Batun alli kuwa, ƙwararre ba ya auna kowane gibi daga na bayansa, domin kuskure zai taru. Ko ya yanka ɗan guntun ƙarfe ya zame masa ma'auni yana duba kansa lokaci-lokaci, ko ya ja alamomin duka daga gefe ɗaya. Zane mai kyau jerin waɗannan alamomin yake ba shi.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na masu tsoron mutuwar gwaninta: yaron da ya saba jan mariƙi ginshiƙai su jeru masa ba zai taɓa sanin dalili ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai an taɓa faɗin haka a kan kowane mataki na wannan tarihi. Littafin Gibbs ma an yi shi ne domin magini ya fitar da aikin da bai san asalin ƙa'idarsa ba. Ilimin bai taɓa ɓacewa ba, wurin zamansa ne ke sauyawa: daga hannun masassaƙi zuwa shafin littafi, zuwa samfurin zubi, zuwa sakin layin doka, yanzu zuwa lissafin da ke cikin bulok. Haɗarin gaske shi ne cewa a wannan sabon mazauni ba a ganin sa. Kuskuren masassaƙi a baranda ɗaya yake tsayawa, amma bulok da aka rubuta da kuskure, wanda ke zagaye adadi zuwa ƙasa maimakon sama, ko yake auna tazara daga tsakiyar sanda zuwa tsakiya ya manta cewa doka gibin fili take aunawa, zai haifi aibinsa a kowane gini da ofishin ya zana. Wannan bai tsaya a Turai da Amurka ba. A Kano, Kaduna ko Maradi, inda benaye masu baranda suka maye gurbin soron da rawaninsa na ƙasa ba shi da gibi ko ɗaya, takardar da aka zana da waɗannan manhajoji ce ke isa hannun mai walda, kuma in takardar ta yi shiru a kan tazara, tsadar ƙarfe ce za ta yanke hukunci, ita kuwa kullum buɗe gibi take so.

Saboda haka wanda ya zauna haɗa bulok ɗin shinge mai miƙewa ya sani cewa kujerar Vitruvius da Gibbs ya hau, ko da ofishinsa ɗan ƙaramin ɗaki ne: ƙa'ida yake rubuta wa mutanen da ba zai taɓa gani ba. Kuma ana gane ingancin aikinsa da tambayoyi uku da tarihin nan ya bar mana. Shin tsawon wurin ne ke haifar da tazara, ko tazara ce ke mulkin wurin? Shin rufin da doka ta kafa a kulle yake, yadda duk jan da aka yi bulok ɗin zai ƙara sanda kafin gibi ya wuce kima? Shin an tuna cewa tsakanin bango da bango gibba sun fi sanduna da ɗaya, a buɗaɗɗen layi kuwa ginshiƙai ne suka fi gibba da ɗaya? Bulok ɗin da ya amsa waɗannan ya yi abin da mai kamfas ke yi a Poggio a Caiano, sai dai shi cikin ƙiftawar ido. Wanda bai amsa su ba kuwa, ragowar tana nan inda mai zubi ya bar ta, a gibin ƙarshe kusa da bango, wurin da ido ke fara sauka kuma wurin da yaro ke fara leƙawa.